Abin da Ban Fassara wa Malam Liang Ba

Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin sauka lafiya, kin tarar da ɗakin da ɗumi kamar yadda suka nuna a hoto. Allah ya tsare min ke a tafiyarki da zamanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa hannunki ya zama mai albarka ga duk wanda za ki taɓa. Abbanki yana gaishe ki.

Na sa takardar nan a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin darduma, don kada ki gan ta sai kin isa. Da gangan na rubuta ta da Hausa. Na san za ki yi tsaki, ki karanta kowane layi sau biyu, kuma haka nake so. Da da Turanci na yi, da a tsaye za ki shanye ta kamar saƙon waya. Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika bar shi.

Kin taso da sanin cewa ni ma na fara karatun maganin Sinawa da aikin allurarsu, na bari saboda cikinki. Abbanki ma haka ya sani har zuwa asubahin yau. Har kin taɓa ce min sorry a kan haka, kina 'yar shekara tara, na yi dariya na ba ki biskit. Ba ke ce dalili ba. Dalilin wata ranar Talata ce, kuma tunda ga shi kin kama wannan hanyar da kanki, dole ki san ta.

Lokacin zubar ganye ne, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Ina shekarata ta uku a makarantar. Clinic ɗin da ɗalibai suke duba marasa lafiya yana ƙasan wani tsohon gini a Marylebone, ta yadda in ka ɗaga kai ka dubi taga, takalman masu wucewa kawai kake gani. Anti Memuna, 'yar Gana da take zama a teburin karɓar mutane, ta fita sallar azahar. Malaminmu, Malam Liang, wani tsoho mai siririn wuya, yana ɗaki na ƙarshe da wani ɗalibi. Na shiga ɗakina da sabon kwalin allura a hannu, sai na tarar da Maman Rahila zaune a bakin gado.

Mahaifiyar Anti Rahilar da kika sani nake nufi. Dattijuwa ce 'yar Pankshin, mai aikin sharar ofisoshi, kuma ita ce mara lafiyar farko da aka danƙa min. Wata bakwai tana zuwa wurina duk Talata saboda ciwon gwiwa da na baya, sai ta yi sati uku ban gan ta ba. A da, tun daga saman matakala nake jin zuwanta, tana nishi, tana kiran sunan Yesu a kowane taki, katakon yana kuka a ƙarƙashinta. Ran nan ban ji komai ba. Ga ta dai, da kwat ɗinta ruwan goro da ɗankwalin da take zuwa coci da shi, ta ɗora hannuwa a cinya, tafukan suna kallon sama, yadda na koya mata.

Na gaishe ta, na yi mata ƙorafin ɓacewarta. Na ɗora yatsu uku a wuyan hannunta don in ji bugun jini. Za a koya miki: a hankali tukuna, sannan ki ɗan danna, sannan ki danna har ki ji ƙashi. Na yi duka ukun a hannun dama, na yi a hagu. Ban ji komai ba. Hannun da sanyi, amma a wannan lokacin na shekara hannun kowa da sanyi. Littattafanmu sun ambaci wani irin bugu da yake ɓuya can jikin ƙashi, sai na ɗauki biro na rubuta wannan a katinta.

Na ce, "Mama, yaya jikin?"

Wata bakwai amsarta ɗaya ce, da sauƙi. Ran nan ta dube ni, babu fushi a fuskarta, ta ce, "Yau ki gaya masa, yarinyana."

Na gane abin da take nufi sarai. Na kwantar da ita, na sa mata allura tara, na lulluɓe ta, na fita zuwa ƙofar Malam Liang. Na tsaya. Ina jin muryarsa ta cikin ƙofar yana gyara wa ɗalibin riƙon allura, ina jin ƙarar murfin fulas ɗinsa na shayi. Na ɗaga hannu ya fi sau biyar. Minti ashirin da ake barin allura suka ƙare ina tsaye a wurin, ban ƙwanƙwasa ba. Na koma ɗaki ina shirya uzurin da zan ba ta.

Babu kowa. Bargon yana ninke a gefe. Alluran tara suna kwance a kan takardar da ake shimfiɗa wa gado, ba a tare ba, kowace a inda na sa ta: biyu a wajen gwiwoyi, biyu a wajen idon sawu, haka har sama, kamar an zare jikin ne an bar su. Wani lokaci ina tuna takardar a yamutse, wani lokaci ina tuna ta a miƙe. Ba zan yi miki rantsuwa a kan ko ɗaya ba.

Da Anti Memuna ta dawo na tambaye ta ko ta gamu da Maman Rahila a hanya. Ta ce ba ta ga kowa ba, ta leƙa fuskata ta ce, "Amarya, kai bai ci abinci ba ne? Mutum mai ciki yana yawo da yunwa, wallahi zan kai ƙara wurin mijinka." Cikinki wata uku ne a lokacin.

Na isa flat ɗinmu na Camberwell bayan la'asar, ina cire takalmi waya ta yi ƙara. Rahila ce. Sau biyu kawai muka taɓa haɗuwa a lokacin, ta samu lambata ne a jakar uwarta. Ta ce Mama ta rasu jiya Litinin da safe a babban asibitin nan, tafiyar minti goma daga ƙofarmu. Sati uku tana kwance. Ciwon daji ne na mahaifa, kuma likitoci sun ce da an zo da ita watannin baya da an samu abin yi. Rahila tana kuka ta ce, "Sa'a, ashe jini take zubarwa tun tuni, ba ta gaya wa kowa ba. Ko ni."

Na ce Allah ya ba su haƙuri. Na ajiye wayar.

Ummi, ta gaya wa wani. Ni ta gaya wa, wata bakwai kafin ranar, na riƙe a bakina. Yau shekara ashirin Rahila ba ta sani ba. Bari in gaya miki yadda aka yi na kai nan, don ba rana ɗaya na yi kuskuren ba.

Ina da shekara ashirin da ɗaya Abbanki ya kawo ni garin nan. Akwatina biyu, ɗaya kaya, ɗaya littattafan soyayya da na tara tun ina sakandare a Kano. Shi yana fita Bloomsbury wajen karatunsa tun safe, ni kuwa sai in kwanta kusa da hita in karanta littafi guda kafin azahar. Har yanzu ina yi, kin sha kama ni. Ban ce laifi ba ne. Amma sun saba min da wani abu: in ga fuskar mutum a bus, kafin in sauka na gama tsara masa rayuwa, wa ya yaudare shi, wa yake jira. Ciwon kai ne ya kai ni clinic ɗin nan a karon farko. Na ga kofunan gilas da suke kafa wa mutane a baya, na tuna ƙahon wanzamin unguwarmu, na ji kamar na gamu da ɗan garinmu. Abbanki da ya gaji da tarar da ni a inda ya bar ni, shi ya cike min takardun shiga. Ni kuwa abin da na hango farar riga ce, da wata ni mai taushin murya wadda take taɓa mutum ya warke, kamar a shafin ƙarshe na littafi.

Ranar da aka ba ni Maman Rahila, kafin ta gama cire kwat na riga na rubuta littafinta a kaina. Ta ambaci mijinta ya rasu a gida ba ta samu zuwa jana'iza ba, shi ke nan na kama. Duk abin da ta faɗa bayan nan, cikin wannan labarin na zuba shi. Ciwon baya, baƙin ciki ne. Rama, kewa ce. Gajiya, zuciya ce ta karye. Karatun da za ki yi yana da daɗin da zai taimaka miki ki yaudari kanki, don yana da kalmomi masu kyau, ya ce damuwa tana ƙulle numfashin jiki, baƙin ciki yana taɓa huhu. Akwai gaskiya a ciki. Amma mai son labari in ya samu irin waɗannan kalmomin, ba ya ƙara tambaya. Don haka ki rubuta abin da mara lafiya ya faɗa da kalmominsa, kafin ki rubuta abin da ke kika fahimta. In kika ji labarin ya zauna daram tun a minti biyar na farko, ki ji tsoron kanki, ki sake tambaya daga farko.

Saboda Turancinta bai da yawa, ni ce tafinta tsakaninta da Malam Liang. Shi yana da jerin tambayoyin da ba ya tsallake ko ɗaya: zafi ko sanyi, gumi, barci, ƙishirwa, cin abinci, bayan gida. Ya riƙe hannunta ya rufe ido ya daɗe. Sai ya ce in tambaye ta ko jini ya dawo mata tun bayan da al'ada ta ɗauke. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kunne. Ni 'yar cikinta, in tambayi uwa wannan, a gaban namiji. Na kewaya, na kewaya, ita ta gane ta taimake ni. Ta sunkuyar da kai ta ce e, wata uku ke nan tana gani, kaɗan-kaɗan. Ta kama gefen mayafina ta ce, "Amma kar ki gaya wa mutumin nan. Wannan ba maganan namiji ba ne. Ke kaɗai na gaya wa."

Na juya na ce masa ta ce a'a.

Ya buɗe ido ya dube ni, ba ita ba. Ya sake danna yatsunsa, ya sa ta fito da harshe ya duba, ya ce in ƙara tambaya. Na tambaye ta ko ta karya, ta ce ta sha shayi, na juya na ce masa ta ce a'a. Ummi, na san dokar. A satin farko ya koya mana ita, yana buga allo da alli: jini bayan ɗaukewar al'ada, babu allura, takarda za a rubuta wa GP, wato likitanta na asibiti, a ranar. Na ci wannan tambayar a jarrabawa. Amma a ɗakin nan abin da na ji shi ne amana, wata uwa ta zaɓe ni a cikin garin da ban da kowa. Kuma, in faɗa miki wanda ya fi muni, na san in aka tura ta asibiti ba za ta dawo wurina ba, kuma ba ni da wata mara lafiya sai ita.

Kunya abu ne mai kyau, da ita na rene ki, shi ya sa har yau ban kira ki da sunan yanka ba. Amma ba ta da kujera a ɗakin duba mara lafiya. Mutanenmu za su neme ki, don fuskarki da sunanki, za su gaya miki abin da ba su gaya wa likita ba, su ce ki rufa. Ki gaya musu tun kafin su buɗe baki cewa duk abin da ya shafi jikinsu malaminki zai ji. In namiji ne matsalar, ki nemo malama mace, ko da za a jira awa biyu. In sun yi fushi sun tafi, ki bi su har matakala ki gaya musu su je wurin GP, ki kuma rubuta cewa kin faɗa. Gara ta yi fushi da ke tana raye.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Sai na ce zan warkar da ita da kaina. A littafinmu akwai wani wuri a gefen farcen babban yatsan ƙafa da ake gasawa da hayaƙin wani busasshen ganye don tsayar da jini. Ganyen ɗan'uwan tazargade ne, warinsu ɗaya, har Maman Rahila takan ce yana tuna mata ɗakin kakarta. Duk Talata in Malam Liang ya gama duba alluran gwiwa ya fita, sai in kunna ganyen in gasa mata yatsu, in buɗe 'yar tagar don kada ya ji. Ban taɓa rubutawa a kati ba. Ina ganin ranar da zan gaya masa komai, bayan ta warke, ya gyaɗa kai ya ce bai taɓa samun ɗaliba irina ba. Har abin da zan saka ranar na zaɓa.

Duk abin da ba za ki iya rubutawa a kati malaminki ya karanta ba, kada ki yi shi a jikin mutum. Kuma ki san iyakar allurarki. Na ga ta yi abin mamaki a kan ciwon kai da ciwon baya da tashin zuciyar masu ciki, ni kaina shaida ce. Amma akwai ƙofar da ba tata ba, kuma Malam Liang, da ya yi shekara arba'in yana aikin, ya fi kowa saurin tura mutum asibiti. Ƙananan ɗalibai ne suke jin tura mara lafiya wani wuri kasawa ce.

Sai maganar da sauƙi. Ke da kika tashi a nan ba lallai ki san nauyinta ba. A wurinmu, in ka je duba mara lafiya ka ce yaya jiki, amsar da sauƙi ce, ko da numfashinsa na ƙarshe yake ja. Godiya ce ga Allah da kuma girmama wanda ya tako. Kakarki da sauƙi ta ce min a waya ana gobe za ta rasu. Na san wannan tun ina yarinya, Bature ne zai ruɗe da ita, ba ni ba. Amma duk sati in tambayi Maman Rahila, ta ce da sauƙi, ni kuwa in rubuta da Turanci cewa tana samun ci gaba. Ina ganin zobenta yana yawo a yatsa. Ina ganin ta ƙara huda belt ɗin kwat ɗinta. Wata rana ta tashi daga gado, na ga ɗigo a takarda, na nannaɗe da sauri na jefa a shara kafin ta juyo, wai don kada ta ji kunya. Ta gan ni. Muka yi sallama kamar kullum, ta ba ni gyaɗa a leda, ta sa min albarka.

Ki karɓi da sauƙi a matsayin gaisuwa, ki amsa da Allah ya ƙara sauƙi, sannan ki fara aiki. Kwana nawa a satin nan? Ya fi na wancan satin ko bai kai ba? Me kika iya ci jiya? Matakala nawa kika hau kafin ki tsaya? Tsofaffinmu ba sa ƙarya in an yi musu tambayar da take da amsa. Ni ce ban yi ba, don na fi son amsar da take ba ni.

Na san abin da kike son tambaya, don na san ki. Wa ya zo ranar Talatar? Addininmu ya koya mana wanda ya mutu ba ya dawowa, na kuma yarda. Mai yiwuwa laulayi ne da yunwa da zuciyar da ta daɗe tana ɗauke da abu, ya zamana ni na jera alluran da hannuna a gadon da babu kowa. A littafin teburin Anti Memuna an yi alamar ta zo, amma da birona ne, rubutuna ne. Akwai kuma wani abu. A wurin addu'ar da aka yi mata a cocinsu da ke Peckham, na ga ƙanwarta da ta zo daga gida jinya. Kamarsu ɗaya, har tsagar gefen ido, kuma kwat ɗin marigayiyar ne a jikinta don ba ta zo da kayan sanyi ba. Tana zaune a gaba, ta waiwayo ta cikin mutane ta dube ni, ni kaɗai mai hijabi a wurin, ta daɗe tana kallo, tana murza wuyan hannunta. Taku goma ne tsakaninmu. Da na je na gaishe ta na tambaya, da na sani. Na fita ta ƙofar baya. Ta koma gida bayan sati biyu, ita ma ta rasu tuntuni.

Kin ga, ko a nan labarin na zaɓa a kan tambaya. Kuma ko wace ce ta zo, ko babu wadda ta zo, abin da na rubuta a katin ƙarya ne. Yatsuna ba su ji komai ba, na ara musu kalma daga littafi. In kika ɗora yatsu ba ki ji ba, ki ce ban ji ba, ki kira malami. Shekara guda za ki yi kafin yatsunki su fara ji da gaske, kuma duk ajinku haka ne, masu gyaɗa kai ma ba su ji ba.

Washegari ban koma makaranta ba. Na ce wa Abbanki warin ganyen yana tayar min da zuciya, ya yarda, har ya ji tausayina. Malam Liang ya aiko min da takarda sau biyu, layi biyu kowace, yana cewa yatsuna suna da kyau, in dawo bayan haihuwa. Ban amsa ba. Na ji ya koma ƙasarsu, daga baya na ji ya rasu. Ginin yanzu shagon gyaran farce ne. Har yau in na bi titin sai na tsallaka ɗaya gefen, kuma har yau ba na iya riƙe wuyan hannun mutum. Kin tuna kina ƙarama, in za mu tsallaka titi, a kafaɗa nake kama ki.

Ita kuwa Rahila, sai ta maƙale min. Ta ce uwarta kullum maganata take, yarinyan Kano mai hannun sanyi. Ita ta raka ni asibiti ranar haihuwarki don Abbanki yana jarrabawa, a ginin da uwarta ta cika. Ita ta fara yi miki wanka. Duk Kirsimeti shinkafarta da cincin suna zuwa, duk Babbar Sallah namanmu yana tafiya. Kin san aikinta kula da tsofaffi ne. Abin da ba ki sani ba, duk shekara in watan rasuwar ya zagayo takan zo ta zauna a kicin ɗina ta faɗi magana ɗaya. Ta ce ita da take wanke iyayen wasu, ba ta lura uwarta tana ƙarewa ba. Ta ce wace irin 'ya ce ita, da uwarta ta gwammace ta mutu da abu a ciki da ta gaya wa wani mahaluki. Ni kuwa in zuba mata shayi in ce ƙaddara ce. Sau ashirin na zuba wannan shayin.

Wannan ne kuskuren da ya fi duka, don sauran yarinya ce ta yi su, wannan kuwa babbar mace ce take sabunta shi duk shekara. Za ki yi kuskure a aikin nan, Ummi, babu wanda ba ya yi. Za ki manta allura a ƙafar wani, za ki soki inda zai yi tabo. Ki faɗa a ranar. A ranar yana da nauyin da mutum zai iya ɗauka. In ya kwana, sai ya fara zama da ke a gida, ya ci abinci da ke, ya zaɓa miki titin da za ki bi.

Ranar Lahadi da aka yi miki walimar sallama, kin ga Rahila ta ba ki farar riga da sunanki a aljihu. Kin ji abin da ta ce tana gyara miki wuya: "Ki zama kamar mamanki kawai, shi ke nan." Kowa ya yi tafi. Kin tarar da ni a banɗaki na ce miki yaji ne ya shiga idona. A nan na san ba zan bar ki ki tafi da wannan addu'ar a kanki ba tare da kin san abin da take nufi ba.

Sauran kuma ƙanana ne. A aji za ku riƙa gwada allura a jikin juna, ki faɗa tun ranar farko cewa mace kike so abokiyar gwaji, ba sai an haɗa ki da wani gardi kina zare ido ba. Kada ki bari kowa ya sa miki allura a ƙirji ko saman kafaɗa in malami ba ya tsaye. Ki ƙirga allura in kin sa, ki ƙirga in kin cire, da baki, ko da za a yi miki dariya. Ki yanke farcen nan. Ki ci abinci kafin clinic. Kada sallah ta wuce ki don mara lafiya yana kwance, minti ashirin ɗin nan sun ishe ki raka'a huɗu in wani ya tsaya miki. Na sa miki littattafaina na soyayya uku a aljihun akwati, ki karanta da dare ko ranar hutu, ki bar su a ɗaki in za ki wurin aiki.

Ban san yadda za ki dube ni ba in kin dawo hutu. Ba sai kin kira ni yau ba, kuma in kin kira, ki yi da Turancinki, zan gane. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga cutar da wani da saninki ko ba da saninki ba. Ya ba ki kunnen ji da bakin faɗa. Ya dawo min da ke lafiya, ya yafe mana abin da muka ɓoye.

Na gaya wa Abbanki bayan sallar asuba, ya ce zai kai ni gidan Rahila a mota ya jira a waje. Na kira Rahila na ce ina da magana, ta ce in zo da yunwa don za ta yi gwate. Ranar Asabar da hantsi zan je gidanta in gaya mata cewa uwarta ta faɗa, ni ce na ɓoye.

Mamanki,
Sa'adatu